Ƙyallen Da Na Yanke Daga Sulken Alhaji Lawali

Tun shekarar annobar korona nake son rubuta wannan magana, ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce aji shida na firamare ba, shi ma a gida na yi shi kafin mahaifina ya taho da ni Madina, kuma ina tsoron in rubuta abin da ba daidai ba a kan maganar da ta shafi rai, wani ya karanta ya dogara da shi. Ban da haka akwai laifina a ciki. Rigar sulke ba kaya ba ce da ake saye da sayarwa haka kawai a ƙasar nan, sai da tasrihi, wato izinin hukuma. Matata Hajara ta ce in bar abin ya kwanta. Na yi istihara sau uku. Abin da ya zaunar da ni yau shi ne wasu ɗalibai biyu na jami'a da suka shigo shagona makon jiya, suna son in ɗinka wa yayansu rigar sulke mai tare harsashi su aika masa gida. Da na ce ba na yi, sai babban cikinsu ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, ai aljihu biyu ne da maɗauri." To, ga yadda aljihun biyun yake.

Sunana Haruna, tela ne ni a unguwar Ƙuba, nan Madina. Na koyi aiki a hannun Mu'allim Bukar, Bahaushen Chadi da ya shigo ta Sudan tun yana saurayi, Allah ya jiƙansa. Mu biyu ne a gabansa, ni da Abdulƙadir, wanda kowa ke kira Ƙaduri. Kakan Ƙaduri Bakatsine ne da ya zo hajji da ƙafa ya zauna, saboda haka shi ɗan ƙasa ne, ni kuwa har yau da iƙama nake zaune, takardar izinin zaman baƙo. Yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake amsawa, sai in yana so ya tsokane ni.

Sulken farko da na taɓa a rayuwata na wani kamfanin masu rakiyar kuɗin banki ne, da muke ɗinka wa kakin aiki. Suka kawo guda goma sha biyu, duk kafaɗunsu sun ɓare. Mu'allim ya ɗora ɗaya a kan tebur, ya buɗe bakinta ta ƙasa, ya zaro wani falle mai kauri kamar ƙaramar darduma da aka naɗe a leda. Ya ce, "Wannan shi ne sulken. Rigar da kuke gani gidansa ce kawai. Mu gida muke ɗinkawa." Sannan ya kafa mana doka. Allura ba ta shiga fallen, ko da huji ɗaya, domin danshi zai bi hujin ya ci zaren da ke ciki. Dutsen guga ba ya taɓa shi. Ba a ninke shi, ba a wanke shi, ba a barin sa a mota a ranar Madina. Kuma yana da fuska da baya, in ka mayar da shi a juye ka kashe mutum da hannunka.

Shi kansa gidan ba wasa ba ne. Yadin yana karya allurar jallabiya kamar tsinken tsintsiya, sai babbar allura da zaren nailan da keke mai ƙarfi. Kafaɗa ita ke ɗauke da nauyin duka, ana yi mata ɗinki mai siffar akwati da gicciye a ciki, a koma sau uku. Aljihun fallen in ya yi faɗi da yatsa biyu, fallen zai zame ƙasa ya bar ƙirji a buɗe, mai shi bai sani ba. Awonsa daga ramin wuya ne zuwa cibiya, kuma a zaune ake auna mutum, domin in ya wuce cibiya, da ya zauna a mota zai tokare masa maƙogwaro, gobe sai ya cire ya ajiye a kujerar baya. Duk wannan na iya shi kafin Ƙaduri ya iya zura zare a babban keken. Mu'allim yakan juya ɗinkina ya duba ciki ya ajiye bai ce komai ba, wanda a wurinsa shi ne yabo. Na Ƙaduri kuwa reza yake sa masa ya farke.

Amma in wakilin kamfani ya zo, Ƙaduri ake kira ya zauna a sha shayi. Shi ya yi sakandare, shi ke karanta takardun Larabci da na Turanci. A jikin kowane falle akwai wani ɗan farin ƙyalle mai rubutu, ƙyallen shaida, shi kaɗai ke karanta shi ya gaya wa Mu'allim a kunne. Ni ban taɓa tambayarsa abin da ke ciki ba. Na ce a raina, ni da hannuna ya san yadi, me zan yi da rubutu.

Da idon Mu'allim ya mutu, kamfanoni suka ce sai mai rajista da sunansa za su ba kwangila, abin da mai iƙama irina ba ya samu. Ƙaduri ya buɗe wurinsa a Harra ta Yamma, yau kekuna goma sha huɗu ne a ciki, da na'urar sanyi har a banɗaki. Ba zan ce ya cuce ni ba, don zan tsaya gaban Allah. Har gida ya zo ya ce in zama shugaban masu ɗinkinsa, na ce na gode. Sai dai babban almakashin Mu'allim, wanda ni na wasa shi shekara tara, shi aka ba. Yana rataye a bangon ofishinsa cikin gilashi, bai sake yanka ko zare ba.

Ni na kama ɗan shago a Ƙuba, ina rage tsawon jallabiya, ina gyaran abaya, ina ɗinka ɗamarar ihrami mai aljihu ga masu tafiya Bi'ir Ali, miƙatin mutanen Madina. Aikin alhazai yana da wata al'ada da duk telan da ke hulɗa da su ya sani. Kowace sabuwar riga suka kawo, sai su ce a yanke mata ƙyallen kamfani, don in an buɗe jaka a filin jirgi a ɗauka tasu ce ta sawa, ba ta sayarwa ba. Na yanke dubbai. Har ya zama riga na zuwa hannuna almakashi ke neman wuyanta kafin in yi tunani.

Shekara ɗaya kafin annoba, a lokacin umarar azumi, wani dogon mutum ya shigo da jallabiya uku a rage masa hannu. Ya ce sunansa Lawali, daga Zamfara yake, direban babbar mota ne mai ɗaukar shanu zuwa kudu. Yana jira yana kallon wani tsohon gidan sulke da nake zuba guntayen yadi a ciki. Ya ce, "Malam tela, wannan ba irin ta 'yan sanda ba ce?"

Na ce gidanta ne, kuma ni na ɗinka. Na ƙara da cewa duk Madina babu wanda ya fi ni sanin sulke. Bai tambaye ni wannan ba, ni na faɗa.

Ya ja kujera ya matso. Ya ba ni labarin wani daji da suke ratsawa, inda 'yan bindiga ke fitowa kan titi. Ya nuna min tabo a damtsensa, inda gilashin mota ya yanke shi ranar da aka harbe abokin tafiyarsa. Ya ce, "Ka samo min ɗaya. Ka sa min ita cikin falmaran yadda ba wanda zai gane. Kayan Madina ma kaɗai ai albarka ne."

Na ce, "Alhaji, abin yana da doka."

Ya ce, "Su ma can da doka suke harbinmu?"

Washegari bayan la'asar na tafi haraj, kasuwar gwanjon da ake zubar da tsofaffin kayan kamfanoni. Na san wani mai tebur da ke samun kayan masu gadi in kamfani ya rushe. Ya fito min da sulke biyu daga ƙarƙashin tarin takalma. Ɗaya mai laushi ne, yana lanƙwasuwa a hannu kamar bargo. Ɗayan kuwa mai tauri, da nauyi, in ka danna shi da babban yatsa ba ya shiga. Na tambayi mai teburin wanne ya fi, ya ɗaga kafaɗa ya ce shi takalma ya sani. Sai na yi abin da tela ke yi da yadi, na murza, na auna a tafin hannu, na ɗauki mai taurin. Ƙyallen shaidarsa yana nan fari tas, da rubutun Turanci layi shida.

Daga haraj zuwa shagona, hanya ta bi ta kusa da wurin Ƙaduri. Na ga allonsa da motarsa a ƙofa. Har na ce wa mai tasi ya rage gudu. Sai na hango yadda za a yi. Zai tashi ya rungume ni, ya sa a kawo gahawa, ya sa tabarau, ya karanta min kamar yadda yake karanta wa Mu'allim, ma'aikatansa suna kallo daga kan kekunansu. Na ce wa mai tasin ya wuce.

Kwana biyu na yi a kan falmaran ɗin, kuma ban taɓa yin aiki mai kyansa ba. Ruwan toka ce, shafinta kore mai ratsi, na ɓoye bakin aljihun fallen a cikin kalmasa yadda ko tela sai ya lalube zai gane. Na kiyaye duk dokokin Mu'allim, allura ba ta taɓa fallen ba, guga ba ta taɓa shi ba, fuskarsa na waje. Da na zo zura shi, na ga ƙyallen, almakashi ya yi aikinsa. Na jefa shi cikin gwangwanin maɓallai, don Mu'allim ya hana mu zubar da komai.

Alhaji Lawali ya sa ta, ya bugi ƙirjinsa da dunƙule, ta yi ƙara kamar ƙofa. Ya yi dariya har haƙoransa na makka suka fito. Ya ce, "Ka san yadda muke yi in mun ji harbi? Birki muke takawa mu bar mota mu faɗa daji da rarrafe. Wani ya tsira, wani a kama shi, shanun mutane kuma a kore. To daga yau na daina rarrafe. In na ji harbi, mai zan ƙara in ratsa su. Kuma ni zan riƙa shiga gaban ayari."

Na ce, "Da yardar Allah, Alhaji."

Ya ce, "Har babbar bindiga tana tarewa ko?"

Na ce, "Ba ka ji taurinta ba?"

Ya ba ni lambar wayarsa na rubuta a littafin awo. Da hantsi na raka shi bakin bas ɗin da za ta kai su Bi'ir Ali su ɗaura ihrami, falmaran tana can ƙasan jakarsa. Na koma shago ina jin daɗi, don na yi aikin sulke daga farko har ƙarshe ba tare da Ƙaduri ba.

Sai ga shekarar annoba. Aka rufe umara, bas ta daina zuwa, titin Ƙuba da ba a iya tsallakawa ya koma sai kyanwa. Wanda ke ɗinka wa alhazai ba shi da kowa. Na yi wata biyu ina ɗinka takunkumin hanci, shi ma ya ƙare. Masu gadi kuwa ba su daina aiki ba, saboda haka kekunan Ƙaduri ba su tsaya ba. Hajara ce ta je wurin matarsa, ban aike ta ba. Da aka sassauta dokar hana fita ya zo da kansa ya tsaya a ƙofata, ya kira ni da sunan 'yata irin na Larabawa, ya ce da Hausarsa mai karkata, "Ya Abu Maryam, taurin kan nan dai har da annoba? Yalla, tashi." Na tashi. Ya ba ni keken da ya fi kowanne, dab da na'urar sanyi, ya gaya wa ma'aikatansa cewa ni na fi shi ɗinki tun muna yara. Ban san abin da ya sa wannan ya fi zagi ciwo ba.

Kowace Alhamis yakan tara sababbin ma'aikata ya koya musu karanta ƙyallen shaida, don kada a zura fallen wani kamfani a gidan wani. Ni ba na zuwa, amma kekena yana kusa, kunnena kuma ba ya rufuwa. A nan na ji abin da ya kamata in sani tun ina saurayi. Sulke mataki-mataki ne, kuma an gwada kowanne da irin harsashin da zai iya tarewa. A ƙyallen ana rubuta matakin da 'yan sanduna a tsaye. Sanda biyu, ko sanda uku da harafin A a gefe, waɗannan masu laushi ne, ƙaramar bindiga ta hannu kaɗai suke tarewa. Doguwar bindiga irin ta daji tana ratsa su kamar ba a sa komai ba. Ita sai allo mai tauri na tangaran ko na ƙarfe, wanda ake rubuta wa sanda uku ba harafi, ko mataki na huɗu da ya fi shi. Harafi ɗaya ne tsakanin wanda ke tare doguwar bindiga da wanda ba ya tarewa. Ya ce akwai sababbin sunaye da ake sawa yanzu, amma ma'anar ba ta sake ba. Kuma kowane falle yana da ranar da aka yi shi da wa'adinsa, galibi shekara biyar.

Wata Alhamis ya ɗaga wani falle ya ce akwai wani iri dabam, wanda ba ya cikin wannan lissafi ko kaɗan. Ya miƙa a zagaya da shi kowa ya taɓa. Da ya iso wurin na kusa da ni, na miƙa hannu na danna da babban yatsa. Bai shiga ba. Yatsana ya gane shi kafin kaina ya gane.

Ran Asabar na zo da ƙyallen a aljihu, na juye gwangwanin maɓallai kafin in same shi. Na jira Ƙaduri ya zama shi kaɗai a ofis, a ƙarƙashin almakashin Mu'allim. Na ajiye masa a tebur na ce, "Abu Faisal, karanta min."

Ya sa tabarau. Ya ce, "Wannan na wuƙa ne. Wuƙa da tsinke. Masu gadin kasuwa da asibiti ke sawa. Min fen jibtu, a ina ka samo?"

Na ce, "Harsashi fa?"

"La. Ga shi nan an rubuta a layin ƙarshe, ba a yi shi don harsashi ba."

"Ko na ƙaramar bindiga?"

"Ko na ƙaramar. Kuma wa'adinsa ya wuce tun kafin a yanke shi." Ya juya ƙyallen ya dubi bakinsa. "Wannan yankan naka ne, ya Haruna. Ba wanda ke yanka miƙe haka sai kai. Ina fallen?"

Na gaya masa komai, har maganar ƙara mai da shiga gaban ayari. Ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. Na ce da na ɗauki mai laushin fa. Ya ce shi ma ba zai tare bindigar daji ba, amma da an karanta, da an gaya wa mutumin gaskiya ya san inda ya tsaya. Sannan ya yi tambayar da nake jira.

"Minti goma ne tsakanina da kai. Me ya hana ka zo?"

Na ce yamma ta yi, kuma ina sauri. Ya dube ni, ya dubi almakashin da ke bango inda na kai idona. Ya ɗauki wayarsa ya buga lambar da ke littafin awona. A kashe take. Layin nan ne da alhazai ke saya in sun sauka, su jefar in za su koma.

Tun ranar yake taya ni nema. Ya fi ni sanin mutane, shi ya kai ni wurin malaman jami'a 'yan Najeriya, shi ya sa aka yaɗa a wayoyin ɗaliban Zamfara. Ko a neman gyaran laifina sai da ya fi ni ƙoƙari, kuma ina gode masa, Allah ya sani ina ƙoƙarin gode masa. Amma Lawali a Zamfara ba su ƙirguwa, direbobin shanu ma haka. Wani ya ce ya san Lawali Dogo da ya bar tuƙi ya koma sayar da hatsi, da aka bincika bai taɓa zuwa umara ba. Wani ya ce an harbe wani Lawali a hanya, na yi kwana uku ban ci abincin kirki ba, sai aka ce wannan gajere ne. Na yi hamdala, sannan na yi istigfari a kan hamdalar, don shi ma gajeren yana da 'ya'ya. Da aka buɗe umara na koma shagona, kuma duk Bazamfaren da ya kawo rage hannu sai na tambaye shi.

Ɗaliban nan biyu na nuna musu ƙyallen, na tura su wurin Ƙaduri ya yi musu bayani. Ƙafata ba ta so ba, amma na raka su har ƙofa. Duk mai son sayen sulke ya bi ta hanyar izini, ya karanta ƙyallen ko ya kai wa mai karantawa, ko da wanda ba ya son gani ne. In babu ƙyalle kada ya saya.

Yanzu ga roƙona ga duk wanda wannan takarda ta isa hannunsa, musamman direbobi da 'yan kamasho na tashoshin shanu. Ina neman Alhaji Lawali, dogo, baƙi, mai haƙoran makka biyu a sama da tabon gilashi a damtsen dama, wanda ya yi umarar azumi shekara ɗaya kafin annoba. In ba ku san shi ba, ƙila kun ga falmaran ɗin a jikin ɗansa ko wani da ya ara. Ruwan toka ce mai koren shafi, ta fi kowace falmaran nauyi, in an buga ƙirjinta tana ƙara, kuma a cikin aljihun hagu akwai ɗinki uku na jan zare, alamata ce. Wanda ya san inda yake, a raye ko akasin haka, ya ba duk wani mai zuwa Madina saƙo, ya tambayi Haruna tela a Ƙuba. Ko wane iri ne labarin ina so in ji.

In kuwa kun same shi a raye, kada ku jira sai saƙo ya zo wurina ya koma. Ku gaya masa a take cewa telan Madina bai san abin da ya faɗa ba, rigar ta wuƙa ce. Ya fita daga gaban ayari. In ya ji harbi, ya yi yadda yake yi kafin ya san ni.